Mutumin da Aka Gan Ni da Shi a Arras

Mijina malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma duk matar da ta zauna da malamin tarihi ta san abin da nake sha. Ba a wuce tsohon gini da shi sai ya tsaya ya ba da labarin waɗanda suka ɗauki simintinsa a ka. Tun muna sabon aure yake min gori cewa an haife ni a unguwar Adjamé Saint-Michel, na yi boko har na ƙoshi, amma ban san Abidjan ba. Ina jin haushi, sai dai gaskiyarsa ce. Na san hanyar kantin maganin da nake aiki, na san kasuwa, na san gidan duk wata gwaggo mai aurar da 'ya. Asabar da Lahadinmu kuwa ba namu ba ne, na biki ne da suna da gaisuwar mutuwa.

Wata shekara yara suka tafi hutu Bouaké wurin kakarsu, gida ya rage daga ni sai shi. Sai ya zo da shawara: mu kama ɗaki a otel a Treichville, mu kashe wayoyi, mu zaga garin kamar baƙi. Na ce masa ai Abidjan ma ba ita ce babban birni ba yanzu. Ya ce a takarda kenan, amma tarihin yana nan bai ƙaura ba.

Na yarda, kuma ban gaya wa kowa ba. Ba ɓoyo na yi niyya ba. Da wane baki zan dubi Inna in ce za ni otel in kwana da mijina, alhali ga gidanmu a Liberté da gado da katifa? A wurinmu otel na matafiyi ne, sai kuma wanda yake da abin ɓoyewa.

Ya kamata in faɗi wane ne Baba. Mahauci ne, ya zo daga Nijar yana saurayi, ya tsufa a gaban teburin nama a kasuwar Adjamé. Bai tara abin duniya ba. Abin da yake taƙama da shi guda ɗaya ne, ba a taɓa jin wata magana ta fito daga gidansa ba. Lokacin da ya bar ni na zarce da karatu, abokan sana'arsa sun yi ta ja masa kunne cewa boko zai buɗe min ido. Ya toshe kunnensa. Tun daga nan na san cewa duk inda na sa ƙafa, sunansa nake ɗauke da shi.

Da yammacin Juma'a muka sauka a wani ƙaramin otel a unguwar Arras ta Treichville, tsakanin garejin makanikai da shagon tela. Washegari da safe mijina ya fito daga wanka ya shirya, na dube shi na riƙe baki. Mutumin da dangina ba su taɓa gani ba sai cikin kaftani da hula, yau ga shi cikin gajeren wando, gwiwoyi a waje, da baƙin tabarau da wata malafa mai faɗin faifai.

Na ce, “Wannan kuma wace shiga ce?”

Ya ce, “Shigar turis ce, sheri, irin ta baƙi masu yawon buɗe ido. Yau babu wanda ya san mu.” Sheri yake ce min, wato masoyiya da Faransanci.

Ya karɓi jakata ya rataya a kafaɗa, ya kama hannuna, muka fito ta ƙofar otel ɗin muna dariya. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin riƙon. Bai taɓa riƙe ni haka a waje ba, ban ma san ana yi ba.

A tsallaken titi wata mota ta tsaya ana sauke nama ga wani gidan abinci. Wanda yake tsaye yana nuna cinyar da za a ɗauka aminin Baba ne, dillalin shanu, wanda muke kira Kawu. Shi ya yanka ragon sunana. Muka haɗa ido. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Abin da ya dace in yi shi ne in saki hannun, in tsallaka in durƙusa in gaishe shi. Maimakon haka na ja gyale na rufe fuska, na fizgi mijina muka faɗa wani lungu.

Ya ce, “Lafiya?”

“Kawu ne! Ya gan mu!”

“To mu je mu gaishe shi mana.”

“A haka? Da gwiwoyinka a waje, da jakata a kafaɗarka? Ka rufa min asiri, de!”

Ya yi dariya har da tari, ya ce tsoho ba zai ma tuna ba. Ni kuma iyakar tsorona kada a ce an ga 'yar Baba tana riƙe hannun miji a titi, kuma ta ƙi gaida manya. Tunanina bai wuce nan ba.

Daga baya na ji abin da Kawu ya kwasa ya kai. Bai gane mijina ba sam. Ya ga ƙato cikin gajeren wando ya riƙe min hannu, ya ɗaukar min jaka, mun fito daga otel da sassafe, kuma da na gan shi na rufe fuska na gudu. A saninsa babu mijin da yake yi wa matarsa haka, don haka wannan ba miji ba ne. Bai yi da mugunta ba, na tabbata. Ya jira aka yi azahar, ya ja Baba gefe a bayan rumfa, yana magana idonsa na kawo ruwa. Amma kasuwa ba ta da bayan rumfa, kafin la'asar maganar ta zaga layin mahauta.

A daidai lokacin mu muna kan ruwa. Mun hau jirgin fasinja da ke tsallaka lagun, babban ruwan da ya raba garin, zuwa unguwar Plateau, mijina yana nuna min tsohuwar gada yana bayanin yadda mutane suke tsallakawa kafin a gina ta. A Plateau ya zaga da ni tsofaffin gine-ginen Turawa masu dogayen baranda, fenti ya ɓare, gansakuka ta ci gindinsu, ga dogayen benaye na gilashi sun tsaya a kansu. Jemagu sun cika itatuwa suna ta tsuwa da rana tsaka. Na ce shekara nawa ina wucewa nan a mota ban taɓa ɗaga kai ba.

Muka shiga muze, gidan ajiye kayan tarihi. Akwai manyan ganguna, da fuskokin katako masu ban tsoro, da 'yan ƙananan ma'aunan zinariya da aka sarrafa kamar kada da tsuntsu. Mai yi mana bayani ya fara, mijina ya karɓe masa aiki, har bawan Allah ya koma gefe ya naɗe hannu. Na taka ƙafar mijina, bai ji ba. Can na hango wani tsohon hoto na fatake a bakin kasuwa, sanye da rawani da manyan riguna, kwandunan goro a gabansu. Na daɗe a wurin. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaure fuska irin ta Baba idan mai saye ya raina masa nama. Fuskar Kawu ta faɗo min a rai, na kore ta.

Ranar Lahadi Treichville muka taka da ƙafa. Tituna a miƙe suke kamar an ja su da zare, kowanne da lambarsa. Ya nuna min tsofaffin gidajen haya masu tsakar gida ɗaya, inda ya ce a irinsu mutanenmu suka fara sauka, da wani tsohon masallaci, da inda 'yan dako suke taruwa kafin su tafi tashar jiragen ruwa. Muka zauna a wata rumfa muka ci gasasshen kifi da atiyeke, wato dambun rogo, barkono ya sa ni hawaye, yana min fifita da malafarsa. Na manta da komai. Wannan ne yake ci na har yau, cewa na ji daɗin ranar nan ƙwarai.

Baba kuwa bai fita kasuwa ba, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. An kira wayata an gaji, an kira ta mijina ita ma a kashe. Inna ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Su a ganinsu ko dai mijina ya riga ya ji, ko kuma yana gab da ji, kuma da zarar ya ji aurena ya ƙare.

Bayan la'asar muka sauka daga tasi a Liberté. Masu shagunan ƙasan benenmu suka bi mu da kallo, mai sayar da katin waya ta ce min “yako”, gaisuwar da ake yi wa wanda abu ya sama. Na ɗauka gajiya ta gani a fuskata. Mijina ya riga ya canza zuwa dogon wando, amma malafar tana kansa. Muka hau matakala yana ba ni labarin wani gwamnan Turawa.

A saman matakalar, a bakin ƙofarmu, Baba ne zaune a ƙasa.

Tunda aka ɗaura min aure bai taɓa taka gidan nan ba. Uba ba ya zuwa gidan suruki, ko hanya ce ta haɗa su kowa sunkuyar da kai yake yi. Yau ga shi kan siminti, babbar rigarsa ta kwashi datti, ya cire takalmansa ya ajiye a gefe kamar wanda ya zo gaban alƙali. Maƙwabta sun ce tun hantsi yake nan, sun ba shi kujera ya ƙi.

Mijina ya zube ya fara gaisuwa. Baba bai amsa ba, kuma bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya gyara zama ya durƙusa sosai, ya haɗa hannuwansa biyu.

Ya ce, “Malam, wurinka na zo. Ban sani ba ko magana ta riske ka. In ba ta zo ba za ta zo, gara ka ji daga bakina.”

“Baba, don Allah ka tashi.”

“Bari in gama. An ga yarinyar nan jiya a inda bai dace ba, da wanda bai dace ba. Ban zo in kare ta ba. Laifin nawa ne, ni na sake ta, an gaya min ban ji ba. Abin da nake roƙo, ka dubi 'ya'yanka. In hukunci za ka yi, ka yi a cikin gida. Kada ka maido min ita kasuwa tana kallo.”

Muryarsa ta karye a kan kalmar kasuwa. Ni dai ina tsaye riƙe da ƙarfen matakala. Sai a lokacin na gane abin da Kawu ya gani. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mijina ya rasa inda zai sa kansa. Mutumin da yake iya magana awa guda a kan tubali ɗaya, da ƙyar ya ce, “Baba, ni ne.”

“Kai ne me?”

“Mutumin da aka gani. Ni ne. Tare muke tun Juma'a.”

Baba ya ɗago kai a hankali. “A otel?”

“E, Baba.”

“Gidanku ya rushe ne?”

“A'a. Yawon ganin gari muka je.”

“Da matarka?”

“Da ita, Baba.”

Baba ya dubi malafar da mijina ya cire yake murzawa a hannu, ya daɗe yana kallonta. Na zaci zai yi faɗa, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Na zaci zai yi hamdala. Abin da na gani a fuskarsa daban ne. Ya tuna cewa ina tsaye a wurin, na ji duk abin da ya faɗa, na ji cewa ya yarda da maganar bai tambaye ni ba. Ni kuma na ga mahaifina a durƙushe gaban mijina saboda gyalen da na ja. Kowannenmu ya rasa idon kallon ɗan'uwansa.

Ya dafa bango ya miƙe. Mijina ya kai hannu zai taimaka masa, ya kauce. Ya fara sauka, mataki bayan mataki, ƙafa ba takalmi. Na sunkuya na kwashi takalman na bi shi. Ina son in ce wani abu, Faransanci ne kawai yake zuwa min baki, kuma ba da shi ake ba uba haƙuri ba.

A bakin titi, gaban masu shaguna da suka yi kamar ba mu suke kallo ba, na durƙusa na ajiye masa takalman a gabansa. Ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ɗayar. Hannunsa ya taso kamar zai dafa kaina, ya tsaya a hanya, ya koma cikin aljihu.

Ya ce, “Gobe zan fita kasuwa.”

Na ce, “To, Baba.”

“In sun tambaya, me zan ce musu kun je gani?”

Na ce, “Tsofaffin gine-gine.”

Ya gyaɗa kai, yana kallon motocin da ke wucewa. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, “Da na sani, da na tambaye ki.”

Ya tsallaka titi ya nufi Saint-Michel da ƙafa, bai waiwayo ba.