Mai Akushi a Bangon Kwara

"Wai har yanzu tana nan a bangon?"

"Sau nawa ana shafe ta da farar ƙasa? Da damina ta sauka sai ta fito."

"To shi Shu'ibun fa?"

"Bar Shu'ibu. Tun daga ranar bai ƙara zana ko ƙadangare ba."

Shu'ibun da ake magana magini ne a Haɗeja zamanin Turawa. Ubansa ya koya masa kwaɓa makuba da fitar da ado a goshin zaure, ya kuma hana shi abu guda: zana mai rai. A haka ya girma, har ya auri Zaituna, 'yar masunta daga Guri, mace mai dogon wuya da dariyar da ake ji daga ƙofar gida.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Malam Madori, wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa mai sayen gyaɗa, ya gina ɗakin cin abinci na alfarma don Turawa. Ya kira Shu'ibu, ya shimfiɗa masa wani ƙyalle mai zane da ya zo da shi daga Masar, ya ce haka yake son bangon. Shu'ibu ya duba: ga bado, ga jinjimi, ga kwale-kwale cikin ciyawar ruwa, ga jerin mutane a bakin ruwan. Ya yi dariya, ya ce ai wannan fadamarsu ce. Ganin gida a ƙyallen ne ya mantar da shi hanin ubansa.

Ya yi wa kan ginshiƙai furen bado, ya shafe rufi da shuni ya watsa taurari. Sannan ya jera mutanen ƙyallen, kowa ya ba da gefe, ido ɗaya a fuska, ɗauke da akushi a ka zuwa ga wani mutum zaune. Ta ƙarshen ce fuskarta ta ƙi fita. Sai hannunsa ya sa mata wuyan Zaituna da tsagen kumatunta.

Ba a jima ba Zaituna ta fara kukan wuya, wai kamar ta wuni da kaya a ka. Tuwonta ya daina ƙosarwa. Dariyar ta ɗauke. In ya yi mata magana sai ta amsa fuskarta a gefe, tana kallonsa da ido ɗaya.

Wata rana da hantsi Alhaji Umara, wani Babarbare da ya je hajji a ƙafa har ya zauna a Masar, ya biyo kallon aikin. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shiga.

"Magini, wa ya ba ka wannan? Ba a ɗakin masu rai ake yin sa ba. A kabari suke zana shi, don masu akushin su yi ta yi wa mamacin hidima. Ba sa sauke kaya." Ya nuna da sandarsa. "Waccan ta ƙarshen, kamar na san ta."

Shu'ibu ya nufi bangon. Ya ɗauki ƙarfen shafensa, Kwara na ta faɗa a bayansa, ya kankare akushin, ya kankare wuyan da kumatun. Idon ne ya ƙi. Duk yadda ya haƙa, yana nan a cikin laka, a jiƙe.

Ya yar da ƙarfen ya nufi gida. A tsakar gida ya same ta tsaye cikin rana, ta ba shi gefe, hannuwanta biyu a sama suna tallafe da abin da babu. Ya zagaya ta gabanta, nan ma gefen ya tarar. Ya durƙusa a ƙasa.

"Zaituna, na sauke miki kayan. Don Allah ki juyo, ki dube ni da ido biyu."