Malam, Ashe Ka San Ɗanɗanon Miyata

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran maigidana, Malam Mu'awiya Sallau, malamin Ingilishi a lakwal, wato makarantar boko, ta Dogon Dutsi, bayan jinyar ciwon maƙogwaro.

Malam, masu gaisuwa sun cika gida suna yabon haƙurinka. Gaskiya suka faɗa, amma ni da sauran fushi a raina, kuma sai na faɗe shi.

Tunda aka kawo ni gidanka ban taɓa ganin ka tauna abinci ba. In yini ina daka, ina tankaɗe, ina fama da hayaƙi, in ajiye maka tuwon hatsi da miyar kuka, kafin in juyo da ruwan sha ka suɗe kwano kana neman makullin babur. Da zafinsa kake zuba shi, kamar ana korarka. Kai da bakinka ka koya wa 'yan ajinka cewa a Ingilishin kan titi mai irin wannan ci da kyarkeci ake kwatanta shi. Da yake ba mu da kyarkeci a Arewa, sai suka laƙaba maka Malam Kura. Ka yi ta dariya, ni kuwa kunya ta hana ni shiga kasuwa.

Na san inda kake gaggawar zuwa. Ko wata maƙwabciya za ka kai likita, ko ka bi rairayi har Sukukutane ka roƙi wani uba ya bar 'yarsa ta ƙare karatu. Allah ya saka maka. Amma ni abu ɗaya na nema a wurinka duk zamanmu: ka zauna ka ci a natse, ka ce min girkina ya yi ko bai yi ba.

Sai da ciwo ya hana ka haɗiya ka zauna. Ranar Litinin ɗin ƙarshe ina ba ka romo da cokali, ka riƙe shi a baki, ka dube ni.

"Asiya, gishirinki ya yi yawa."

"Yau kaɗai?"

"Tun ranar farko. Shi ya sa nake saurin haɗiyewa, kada ki gani a fuskata."

Haba Malam. Duk shekarun nan, da a ce ka faɗa min, ai rage hannu kawai zan yi. Washegari na dafa wani da gishiri kaɗan, na kawo, ba ka iya buɗe baki ba. Wannan ne abin da ke ci min rai har yanzu.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Inna Adama a Kore Mairuwa, da 'ya'yanmu Nazifi da Hanifa, da ɗalibanka. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Na yafe maka shirun, ka yafe min gishirin. Allah ya haɗa mu a inda za ka zauna ka ci a hankali.