Farin tob ɗin kakata

Ina da shekara goma sha shida Baba ya gano ina tsayawa hira da wani saurayi mai buga jan bulo a Aljirif, wata unguwa a Khartum. Mu Hausawa ne, shi ɗan Larabawa, kuma gidajen biyu duk suka ce sam. A tsallaken kogi yake zaune, don haka Baba ya sa yayyena su tsare masa bakin gada. Sai saurayin ya aiko mini cewa zai ƙetaro da iyo. Lokacin cikar kogi ne, ruwan ya yi ja, yana tafe da kututture. Ban hana shi ba, dariya ma na yi. Bayan kwana biyu aka tsamo gawarsa can wajen Omdurman.

A Khartum matar mamaci ce ke yafa farin tob mara ado, mayafin takaba. Budurwa ba ta da wannan hurumin. Na buɗe akwatin kakata, na ciro nata, na yafa, na hau bas da rana tsaka zuwa gidan makokin. Mahaifiyarsa ta ƙare mini kallo, ta tambaye ni da Larabci, "Ke wace ce tasa?"

Na ce, "Hajja, ni ce wadda aka hana shi zuwa wurinta ta gada."

Sai ta matsa mini a tabarma.

A gida Baba ya rantse ba zai kula ni ba sai na cire tob ɗin. Sai da ya jira wata huɗu da kwana goma.