Ƙarfen da bai san zaman tabarma ba

"Hajiya, wannan ƙarfen ba ya lanƙwashewa. In ya lanƙwashe, ni zan sake miki wani."

Likita, maganarka ce. Shekara biyu na yi shiru, yau zan yi magana.

Ga waɗanda ba su sani ba: bam ya tashi a kasuwa ina cinikin kifi, ya cinye mini wani yanki na ƙashin cinya. A asibiti, a gadon kusa da nawa akwai Ya Falmata, 'yar unguwar Mafoni, mai irin raunina. Ita aka ɗaura mata ƙarfen da kowa ya sani, da kusoshi. Ni kuwa aka zaɓe ni a sa mini sabon samfuri. Aka auna ƙashina a hoto, aka aika waje, inji ya narkar da garin ƙarfen taitaniyam hawa bisa hawa, ya fitar da yanki daidai nawa, mai ƙofofi kamar soso.

Falmata ta yi mini sannu da Barbarci, ta ce, "Wushe, Malama! Ke har karayarki ta 'yan boko ce."

Na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Bayan wata takwas, ina tasowa daga sujada, cinyar ta ce ƙas. Zafi, kumburi, ƙafa ta soma gajarta. Hoto, ɗibar jini, wani hoton. Kullum ina jiran a ce za a yanke.

Sai da na matsa aka ba ni takardar gwajin ƙarfen. Shekara ashirin ina koyar da kimiyya, na iya karanta ta. Sun danna shi daga sama, sun gwada tsayuwa da tafiya. Ba wanda ya gwada tsuguno, ko zaman tabarma, ko zaman tahiya. Mai kujera suka ƙera wa, kuma ba wanda ya tambaye ni yadda nake zama.

An ciro shi a lanƙwashe, an sa mini na wucin gadi. Ina takawa da sanda, alhamdulillahi. Na gode wa 'yata Hadiza da nas-nas ɗin da suka juya ni, suka wanke ni.

Amma jiya a unguwar Abbaganaram na ga Falmata ta diro daga keke napep, jika goye a baya, tana sauri zuwa biki. Ko ɗingishi babu. Ta ɗago mini hannu, na yi kamar ban gani ba. Ba ta yi mini komai ba, amma wallahi ƙyashi ya kama ni.

Shawarata: kafin a sa muku wani abu a jiki, ku zauna ƙasa a gaban likita, ku ce, "Haka nake zama, an gwada?"

Likita, kai ka ce na wucin gadin ba zai kai baɗi ba, yanzu ko wayata ba ka ɗauka. Na ba ka zuwa ƙarshen Safar ka sa mini ranar tiyata. In ya wuce, lanƙwasasshen yana jakata. Kowace Litinin zan shiga layin marasa lafiyarka, in miƙa wa kowa ya taɓa.