Tayar Dama, Tayar Hagu

Inji ake ce masa tun yana yaro, domin ba ya daɗewa bai ɗau zafi ba. Shi ne babban ɗan ƙanwata. Mahaifinsa ya yi shekaru yana huɗa wa mutane gonaki da wata ƙaramar tarakta ja, kuma a kanta Inji ya girma. Ya iya tuƙi tun bai gama iya gaisuwa ba.

Da mahaifin ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu da tarakta ɗaya. Dangi suka ce a sayar a raba. Uwar ta ce ba da ranta ba. Sai aka bar musu ita su biyu, wannan mako na Inji, mai zuwa na ƙanensa Auta.

Inji shinkafa yake nomawa a wata gona da ke cikin kwari. Da ita yake ci da iyalinsa shekara ta zagayo, ba shi da wata sana'a, bai kuma taɓa nema ba. Gonar tana da halinta. In ruwan farko ya sauka ba a huɗe ta da wuri ba, ta zama tafki ke nan, sai baɗi. Auta kuwa tirela yake ɗaura wa taraktar, ya yini yana kai wa magina yashi da bulo a kan kwalta.

A shekarar da nake magana, tayoyin baya sun suɗe kamar tafin hannu. Inji ya ce kwaltar Auta ce ta cinye su. Auta ya ce kututturen gonar Yaya ne. Uwar ta gaji da hayaniya a tsakar gidanta ta ce kowa ya sayo ɗaya, Inji ta dama, Auta ta hagu. Ina zaune a wurin. Na ce da sun tafi kasuwa tare. Ba wanda ya ji, ni ma ban ɗaga murya ba.

Ranar da za a ɗaura, hadari ya riga ya fara haɗuwa. Suka haɗu a rumfar mai faci, wani dattijo da ƙarar fashewar taya ta toshe masa kunne ɗaya tun yana saurayi. Tayar Inji doguwa ce, mai manyan haƙora irin na shiga laka. Ta Auta mai ƙananan zane ce, irin ta hanya. Mai faci ya jera su kafaɗa da kafaɗa. Ta Inji ta ɗara ɗayar tsawo, ko makaho zai gane in ya shafa.

"To," in ji mai faci, "ina taraktar ta biyu?"

"Baba, ba wasa ya kawo ni ba," in ji Inji. Ya juya wurin ƙanensa. "Kai, wannan takalmin zuwa biki ka sayo mana?"

"Taka fa, Yaya? In na hau kwalta da ita haƙorana za su zube kafin nata."

"Mayar da ita."

"Kai ka mayar da taka. Hagu tawa ce, Inna ta faɗa."

"Da aka sayi taraktar nan yashi aka ce za ta ɗauka? Kana goye a lokacin, me ka sani?"

"To yanzu na sauko."

Mai faci ya bari suka ja numfashi, sannan ya ce shi dai ba zai ɗaura ba. Za ta karkace, za ta riƙa ja gefe guda, in abu ya lalace kuma a ce aikinsa ne. Inji ya ce ya ba shi aron jak da liba, ƙarfen da ake ɗaura taya da shi. Dattijon ya juyo masa toshasshen kunnen. Inji bai jira izini ba, ya ɗauka.

A nan dole a faɗi gaskiya, yaron ya iya aiki. Ya sa duwatsu ya tare tayoyin gaba, ya ɗaga bayan, ya tallafe shi da gungumen itace. Ya kwance notuna ya zuba a hularsa. Ya kwaɓa ruwan sabulu ya shafe bakin tayar, ya duba inda haƙoran suka fuskanta don kada ya ɗaura ta a juye, sannan ya bi ta da liba kaɗan-kaɗan yana takawa da ƙafa har ta zauna. Yana yi yana zagi, amma ko tub bai tsinke ba. Ta Auta ma shi ya ɗaura, da kulawa iri ɗaya, abin da ya ƙara ƙona masa rai. Da aka sauke jak taraktar ta tsaya kamar mai ciwon ƙugu.

Aka kwana ana ruwa. Da safe ya shiga gona. Kunya ta farko ta fito a karkace, ta biyu ta fi ta. Yana isa tsakiya, inda ƙasa ta fi laushi, tayar hagu ta fara juyawa a wuri ɗaya tana watsa masa laka a baya. Tasa mai haƙoran kuwa ta tsaya cak, ko motsi. Ya ƙara wuta, ta hagun ta ƙara haƙa wa kanta rami, har cikin taraktar ya kwanta a ƙasa. Maƙwabtan gona sun ce sun ji muryarsa ta danne ƙarar injin.

Sai da aka haɗa mutane da igiya aka fito da ita. Auta ya zo, ya cire takalmi ya kama igiyar tare da kowa. Da suka fito tudu ya ce, "Yaya, in na gama aikin makona sai mu duba maganar tayar."

"Makonka?"

"Gobe ya kama."

Inji ya hau kujerar tuƙi. Ya ja taraktar zuwa ƙofar gida, ya kafa mata gungume, ya kwance tayar dama, ya mirgina ta har cikin ɗakinsa, ya jingina ta a bayan gado. Matarsa ta ce ina za ta sa akwatinta. Ya ce ta ɗora a kai.

Uwar ta aika a kira ni. Na je, na zauna, na sha ruwa. Na ce wa Inji ruwan sama ba ya jiran a shirya.

"Kawu, ka faɗa wa Auta."

Na faɗa wa Auta. Ya ce in faɗa wa Yaya.

Washegari da asuba Inji ya ɗauki fartanya shi da matarsa suka nufi kwari. Sun samu sun huɗe gefen tudu kafin ruwa ya rufe sauran. Abin da suka girbe a shekarar bai kai su rani ba. Ina ganinsa yanzu wani lokaci a wurin magina, yana ɗaukar bulo a ka. Ba ya gaisawa da Auta, wanda yanzu a amalanke yake kawo yashi, ko da yake ɗaki ɗaya suka tashi.