Kilomita ɗayan da ya ƙaru

'Yan uwa, yau manhajar da ke auna tafiyar keken Baba ta cece ni!

Baba ya karɓo min katin jarrabawar gobe a Batsari, ya sa cikin hularsa. Ya iso gida ƙauyenmu Darini, babu kati! Sai na fashe da kuka.

Yaya Sani ya duba wayar Baba ko za a ga hanya, ya yi tsaki. "Maƙaryaciya! Yau har kilomita ɗaya ta ƙara a kan na kullum."

A hankali na ce, "Yaya, duba nan, layin taswirar ya ɗan ratse."

Baba ya dafe kai. "Masallaci na ratsa! Na cire hula wajen alwala!"

Yaya ya figi babur sai masallacin. Ashe liman ya tsinta ya adana!

Alhamdulillahi! Yaya ya miƙo min katin ya ce, "To, na janye, ba ta ƙarya."