Ranar da Yaya Isuhu Ya Kama Labarai

Shekara huɗu ke nan da aka kashe yayana Isuhu a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, a wani ƙauye da ke bayan Burkusuma. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, domin har yanzu akwai masu kwana a cikinsa. Yaya ba malami ba ne, ba ya riƙe da sarauta, kuma babu jaridar da ta ambaci mutuwarsa. Manomin gero ne, ranar kasuwa kuma ya shimfiɗa buhu yana gyaran rediyo da tocila. Na ga dai shekarun suna ta wucewa, na ce bari in rubuta yadda abin ya faru tun waɗanda suka gani da idonsu suna da rai.

Ni da shi uwa ɗaya uba ɗaya, amma kunnuwanmu ba su taɓa shiri ba. Ni mayen labarai ne. In aka yi juyin mulki a wata ƙasa da ban san inda take ba, sai na ji sunan wanda ya hau. Shi kuwa Yaya ya tsani labarai, ba ya ɓoyewa. Abin da yake so shi ne wata ƙaramar tasha daga tsallaken iyaka, wadda kullum bayan la'asar take sakin kiɗa mai sanyi har rana ta yi ja: garaya, molo, wani lokaci sarewar makiyaya. Mai gabatarwa ba ya surutu, sallama ce kawai ya bar kiɗan ya yi aikinsa. In na miƙa hannu zan murɗa tashar, sai Yaya ya buge mini hannu ya ce, "Auta, mutanen ga ba su san da kai ba, kai ko ka hana kanka barci sabadda su. Zamna ka ji abin da ka kwantar da jini."

Sauraron rediyo a wurin Yaya sana'a ce mai zaman kanta. Ya warware wayar tagulla daga tsohon koyil na babur, ya ɗaura ta a kan gora, ya cusa goran cikin rassan tsamiya, saboda tashar ba ta kamuwa sai an nemo ta daga sama. In batir ya yi sanyi, ya shanya shi a rana. Sannan akwai tukunyarsa, wata tsohuwar tukunyar ƙasa mai tsaga a baki wadda matarsa Hajo ta daina girki da ita. Yakan kwantar da ita a kan gefenta, ya zura rediyon ciki, sai ka ji garayar ta yi kauri kamar mai kiɗan yana zaune a zauren. Mun yi masa dariya har muka gaji, daga baya muka koma ɗauko tabarmi muna zama kusa da tukunyar.

Da masallaci ya samu sabuwar lasifika, Yaya ya roƙi tsohuwar da aka yar, ya gyara ta, ya rataye a tsamiya, ya haɗa ta da batirin mota da ƙaramin faifan sola. Liman ya yi ƙorafi cewa bakin da ya saba kiran salla bai kamata ya koma garaya ba. Aka yi sulhu a kan Yaya zai riƙa kashewa kafin magariba ta gabato, kuma bai taɓa saɓawa ba. Daga lokacin, duk wanda ke gona ta gabas ko ta fadama yana jin kiɗan Isuhu, ya san lokacin tattara kaya ya yi.

Haka muke har 'yan bindiga suka shigo rayuwarmu. Da shanu suka fara. Daga nan suka koma tare hanyar garin Isa, suna fito da fasinjoji su kwantar da su a bakin titi, su zaɓi na tafiya da su, su harbe wanda ya yi gardama. Na wanke gawar abokina da aka sare a gonarsa da fartanya a hannu. Na ga rumbunan ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu suna hayaƙi kwana da kwanaki, hatsin shekara yana ƙonewa a hankali, ƙauri ya cika iska. Fulanin da muka girma tare, masu kawo mana nono da taki, su ma an kwashe musu garke, wasu kuma 'yan sa-kai suka kashe su a kasuwa don kawai kamanninsu. Kowa ya zama abin tsoro ga kowa. Sai kuma aka rufe layukan waya a yankin, ya zama in kana gona ba ka da hanyar sanin abin da ke gida.

A nan ne kiɗan Yaya ya tashi daga abin nishaɗi. Dattawa suka yi shawara a gindin tsamiyar: kada wanda ke gona ya kamo hanyar gida da yamma sai ya ji garayar Isuhu. In an ji shiru, a janye shanu a nufi iyaka. Yaya ya karɓi aikin yana ta fara'a, har yana tsokanata wai ga shi nan kiɗan da nake rainawa ya fi labaraina amfani. Ya daina zuwa gona da yamma, mu muke yi masa aikin. Ranar da hadari ya hana tashar kamuwa, mun kwana a daji a banza, sauro ya yi mana kaca-kaca, da safe muka dawo muna zaginsa yana dariya.

Ranar da abin ya faru, kaka ce, ana kwasar gero. Muna gonakin fadama da amalanke da shanun huɗa, kusan duk mazan ƙauyen. Bayan la'asar mun ɗaure dammuna, muna jiran kiɗa. Sai lasifika ta yi ƙara, ta yi tsaki irin na neman tasha, sannan muryar wani mutum ta fito tar, yana karanta labaran duniya. Wallahi abin da ya fara zuwa mini dariya ce. Na ce a raina yau dai Yaya ya shiryu. Har na kama igiyar sa zan ja, sai maƙwabcinmu Baba Ɗanjimma ya riƙe mini hannu. Fuskarsa ta canza.

"Auta, tun da kake, ka taɓa jin Isuhu ya sa wanga abu da la'asar?"

"Ban taɓa ba."

"To, ba da mu yake wasa ba. Ku kwance shanu, ku bar geron nan. Akwai mutane cikin gari."

Muka bar amalanke a inda suke, muka kora shanu cikin karan dawa muka yi arewa. Mutum ɗaya ne ya kuɓuce mana, Sanusi mai babur, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya dawo daga kai fasinja. Ya toshe kunnuwansa biyu da abin sauraro, yana jin waƙoƙin da ke katin wayarsa. Mun fito bakin hanya muna ɗaga hannu muna kiransa, ya ɗaga mana hannu shi ma yana murmushi, ya wuce. Ba a jima ba muka ji harbi.

Sauran labarin daga bakin Hajo na ji shi, domin a gabanta aka yi. 'Yan bindigar sun shigo tun azahar a kan babura, fuskoki a naɗe da rawani. Suka tara mata da yara da tsofaffi a filin masallaci, suka yanka awaki suka sa mata dafawa. Maza da shanu suke jira. Wani ya riga ya kai musu rahoton rediyon, kuma har yau ban san ko wane ne ba, sai dai rabin zancen ya kai musu. Abin da suka sani shi ne in lasifika ta yi magana, mutane za su dawo. Babbansu, wanda Hajo ta ce bai kai ƙanen bayanta ba a shekaru, ya sa aka jawo Yaya gindin tsamiya. Ya ce, "An ce kai ka kiran mutane gida. Kunna." Yaya ya ce batir ya mutu. Aka buga masa gindin bindiga a baki, haƙoransa biyu suka zube a ƙasa. Aka ɗora bakin bindiga a kan Hajo. Sai ya duƙa, jini yana ɗiga a kan rediyon, ya kunna.

Hajo ta ce allurar rediyon tana nan a kan tasharsa, domin ba ta taɓa motsawa daga wurin. Da ya bar ta, da garaya ta fito, da mun taho da shanunmu muna hira har cikin hannunsu. Ta ga yatsunsa suna murɗawa a hankali kamar mai neman tasha, ya wuce nan ya wuce can, har ya tsaya a kan mai karanta labarai. Babban ya ce, "Wanga shi na?" Yaya ya ce, "Shi na." Suka koma suka zauna suna cin nama.

Sanusi ne kaɗai ya shigo, suka harbe shi tun bai sauka daga babur ba. Rana ta yi ta sauka, babu amalanke ko ɗaya. Da babban ya gane an yi masa wani abu, ko da yake bai san mene ne ba, ya taso ya ce, "Mi kay yi?" Yaya ya ce, "Kun ce in kunna, na kunna." Suka fizgo wayar tagullar daga kan gora suka ɗaure shi da ita a jikin tsamiyar, suka yi ta dukansa har hannunsa ya karye, suna tambayarsa ta ina mazan suka bi. Bai faɗa ba. Suka harbe shi a ƙirji, suka harbi lasifikar tana tsaka da magana, sannan suka bi rumbuna da wuta. Sun tafi da mata huɗu. Uku sun dawo bayan watanni, ɗaya ba mu sake jin ɗuriyarta ba.

Da safe ni na kwance shi. Wayar ta nutse cikin naman hannunsa, sai da na sa filayarsa ta gyara na datse ta. Muka binne shi tare da Sanusi, ƙasa tana ɗaukar zafin rumbunan da ke ci. Ba zan ɓoye ba, akwai waɗanda suka ce da ya bi umarni da ba a ƙone hatsi ba. Mai faɗin hakan yana cikin waɗanda suka yi arewa da shanunsu a ranar, kuma da bakin da Yaya ya tsirar yake maganar. Na yi shekara ban gaishe shi ba, kuma ban yi nadama ba.

Yanzu muna zaune a gefen birnin Sakkwato, gida ɗaya da Hajo da wasu 'yan ƙauyenmu. Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce in ya ga yadda ake sauraron kiɗa yau. 'Yata ta sa mini wata manhaja a waya, mai tashoshin da ba sa komai sai kiɗa mai sanyi dare da rana, babu gora, babu hawa tsamiya. Akwai ma wadda ƙarar ruwan sama kawai take sakawa. Na san zai yi dariya har ya riƙe ciki, wai mutum ya sayi data don ya ji ruwan da Allah ke saukarwa kyauta. Sauƙin zai burge shi, wannan ba na shakka. Abin toshe kunne ne ba zai yafe ba. Tun kafin Sanusi yakan ce mai jin kiɗa shi kaɗai kamar mai cin tuwo ne ya kulle ɗaki. Ni dai har yau ba na iya sa shi a kunne biyu.

Labaran da nake mutuwar so kuwa, ina jin su da safe, ina jin su da rana. Amma bayan la'asar, in na ji muryar mai karanta labarai daga shagon wani, sai in ji ina neman igiyar sa. Kuma abin da labaran ke faɗa a kan yankinmu bai canza ba. Ana dai kashewa, ana ɗauka, ana ƙonawa, sai dai a sauya sunan ƙauye.

Ba mu fito da komai nasa ba sai tukunyar. Rediyon sun tattake shi, amma tukunyar tana gefe, ba wanda ya kula da ita. Hajo ta ɗauro ta a zane har Sakkwato, ta kife ta a ƙarƙashin gado, kuma tun daga ranar ba ta yarda a sa kiɗa kusa da ita. In yara suka kunna, sai ta tashi ta shige ɗaki. Ban taɓa yi mata magana a kai ba.

A makon jiya, bayan la'asar, ina zaune a tsakar gida, sai ga ta ta fito da tukunyar. Ta goge ta da gefen zanenta, ta kwantar da ita a kan gefe yadda yake yi, bakin yana duban ƙofa. Ta ce, "Auta, wayar taka tana kama tashar yayanka?" Na ce ban sani ba, amma za a samu mai garaya. 'Yata ta nemo, na zura wayar cikin tukunyar, kiɗan ya fito da kaurinsa na da. Mazan gidan suna ta shigowa daga wurin dako da acaba, kowa ya zo ƙofa sai ya tsaya. Baba Ɗanjimma ya cire hularsa ya zauna a ƙasa.

Da na ga magariba ta gabato, na miƙa hannu zan kashe, kamar yadda ya yi wa liman alkawari. Hajo ta leƙa ƙofa, ta dubi waɗanda ke zaune, ta ce, "Ɗan ƙara mishi kaɗan. Ba su gama dawowa ba."

Allah ya jiƙan Isuhu da Sanusi, ya dawo da waɗanda ke hannu, ya sa mu ga ranar da za a ji kiɗa daga ƙauyenmu a kamo hanyar gida.